Yadda muka mayar da bishiyar unguwarmu kan katanga

Katangar bayan wani tsohon sito ce, tsawonta mita 18, tsayinta mita 4, kuma tun tasowata ban taɓa ganin ta da tsabta ba. Takardun talla ne wani kan wani, da lambobin waya, da "an hana fitsari a nan" da wani ya rubuta da baƙin mai, ƙasa da rubutun kuma ga shaida nan cewa ba a ji ba. Ni sana'ata rubuta allon shago ce. Abu mafi girma da na taɓa zanawa bai wuce faɗin ƙofa biyu ba. Duk da haka, ranar da samarin unguwa suka same ni da maganar a yi wa katangar nan zane wanda zai nuna ko mu su wane ne, ban bari sun rufe baki ba na ce na yarda.

Kwana uku na yi ina zane a takarda. Na sa rana tana fitowa, na sa tattabaru, na sa hannaye biyu sun riƙe juna, ga yara suna dariya a gefe. Ni dai a idona ya haɗu. Aka tara mutane da yamma a filin da ke fuskantar katangar, na buɗe takarda, yara biyu suka riƙe mini gefe da gefe. Aka yi shiru. Can wata tsohuwa da duk unguwa ke ce wa Inna ta matso, ta ƙura masa ido, ta ce, "Ɗan nan, ya yi kyau ƙwarai. Wace unguwa ce?"

Ba gatse ta yi ba, tambaya take tsakani da Allah. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na naɗe takardata ina yaƙe, na koma gida. Da dare na sake buɗe ta na duba, sai na ga gaskiyar Inna: zanen nan za a iya liƙa shi a kowane gari na duniya, ba wanda zai ce ba nasa ba ne, ba kuma wanda zai ce nasa ne.

Na san labarin birnin Filadelfiya na Amurka, inda a 1984 hukumar birnin ta kafa shirin yaƙi da masu ɓata bango da fenti, wata mai zane Jane Golden ta jawo su kansu masu ɓata bangon ta mayar da su ma'aikata, har yau birnin ke da dubban zane-zanen bango. Abin da na karanta na wuce ban riƙe ba shi ne, a can kafin a tsoma burushi a fenti sai an zauna da mutanen wurin, a saurare su, a kawo zane su duba, a koma a gyara. Ni na fara daga ƙarshe.

Sai na sayi ƙaramin littafi na shiga bin mutane. A nan ma na fara da tambayar da ba ita ba. Idan ka ce wa mutum "me kake so a zana?" zai ba ka abin da ya gani a wani wuri ne: ɗan ƙwallon da yake so, ko tuta, ko zaki, ko jirgin sama. Kwana huɗu ina tara irin waɗannan. Ranar ta biyar ina zaune a rumfar dattijon da ke gyaran keke a bakin katangar, sai na ji wani saurayi yana yi wa baƙo kwatance a waya: "Idan ka zo gindin bishiya, ka yi dama." Na ɗaga kai na duba. Babu bishiya a wurin. An sare ta tun lokacin da aka faɗaɗa titi, yaron nan ko haihuwarsa ba a yi ba. Na ce masa wace bishiya? Ya ɗaga kafaɗa ya ce haka ake cewa.

Daga ranar na canza tambaya. Na koma cewa, "Idan za ki yi wa baƙo kwatancen gidanku, daga ina za ki fara?" ko "Idan ka yi tafiya ka daɗe, me ka fi kewa?" Littafina ya cika cikin mako guda. Kusan kowa daga gindin bishiya yake farawa. Bayan ita sai tsohon famfon da aka yi shekaru ana layi a kansa, inda aka ƙulla zumunci aka kuma yi rigingimun da har yanzu ba a gama shiryawa ba. Sai ƙarar kekunan ɗinki, don layin da ke bayan sito teloli ne tun daga farkonsa har ƙarshe, wata mata ta ce mini da ta yi aure a nesa shirun dare ne ya hana ta barci. Sai jirgin ƙasan da a da ake sanin lokaci da kukansa. Ba wanda ya ambaci tattabara ko ɗaya.

Matsalar ita ce ni ma ban san bishiyar ba sai a labari. Na tara dattawa uku na ce su kwatanta mini ita, suka kusa yin faɗa a kan ko rassanta manya uku ne ko huɗu. Abu ɗaya suka haɗu a kai: akwai reshe guda da ya sunkuyo ƙasa ta gabas, wanda yara ke lilo a kansa har bayansa ya yi sulɓi. Daga baya wani ya tono tsohon hoto a akwatin mahaifinsa, mutane ne a tsaye a jere, amma a bayansu ana ganin rabin kututturen da wannan reshe. A kan wannan rabin na gina sauran.

Zane na biyu ya samu karɓuwa, sai dai ya zo da tasa rigimar. Na sa mutane a ƙarƙashin bishiyar, nan da nan aka fara tambayar fuskar wa za a sa. Wannan ya ce kakansa ne ya fara gini a unguwar. Wancan ya ce a sa wani mai kuɗi da ya yi alkawarin taimakawa da fenti. Wasu kuma suka ce su sam ba su yarda a zana fuskar kowa ba. Na tuna abin da ya samu Diego Rivera, mai zanen ƙasar Meziko, a birnin New York. A 1933 yana cikin yi wa ginin Rockefeller zane ya saka fuskar Lenin, jagoran 'yan gurguzu na Rasha, aka ce ya cire ya ƙi, aka biya shi kuɗinsa aka sallame shi, a farkon 1934 aka farfashe zanen daga jikin bango. Fuska ɗaya ta ci aikin watanni. To, in mutum kamar Rivera bai tsira ba, ni wane ne? Na ce kowa a zanen nan zai juya mana baya ne ko a gan shi ta gefe daga nesa, abin da za a gani ƙuru-ƙuru hannaye ne da kayan aiki: hannu a kan keken ɗinki, hannu a kan marikin famfo, hannu riƙe da sifana. Har yau ina ganin wannan ce shawara mafi kyau da na yanke a duk aikin, ko da yake tsoro ne ya sa ni yanke ta, ba hikima ba. Mace uku daban-daban sun rantse mini cewa mai ɗauke da bokitin nan mahaifiyarsu ce.

Izini bai ba mu wahala sosai ba. Mai siton ya yarda, ofishin da ke kula da gine-gine ya sa muka yi zarya sau uku sannan aka buga mana hatimi. Abin da kawai na dage a kai shi ne a rubuta a takarda: shekara nawa zanen zai zauna ba a shafe shi ba, wa zai gyara idan ya lalace, kuma ba za a liƙa talla a kansa ba.

Na ɗauka daga nan sai fenti. Ashe katangar ma tana da tata maganar.

Wani magini a cikinmu ya ɗauki guduma ƙarama ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa. Inda filasta ta kama da kyau sautin a cike yake, inda ta saki kuwa sai ka ji kamar ana buga ƙwarya. Ya yi ta zagaye wuraren da alli har bangon ya koma kamar taswira. A kusurwar hagu daga ƙasa kuma akwai wani farin gari da ke fitowa kamar gishiri, ka goge yau gobe ya dawo. Gishirin ne kuwa: ruwa ne ke ratsa bulo yana narkar da gishirin da ke cikin siminti, in ya iso waje ya bushe ya bar shi a nan. Duk fentin da aka shafa a kan irin wannan wuri zai kumbura ya ɓare. Don mu tabbatar, muka yanko leda mai faɗin kamar santimita 45 kowane gefe, muka manne ta a bango da salatif ta ko'ina, muka bar ta ta kwana. Da safe cikinta ya yi raɓa, bangon da ke ƙarƙashinta ya yi duhu. Muka bi sawun ruwan har sama, muka tarar indararon rufin sito ne ya tsage, duk ruwan sama a jikin bango yake sauka.

Aka gyara indararo, aka fasa filastar da ta saki, aka yi sabuwa. Sannan maginin ya ce sai a jira kwana 28. Sabon siminti yana da kaifi irin na toka, yana cin fenti ya ɓata masa launi, sai ya gama bushewa ya huce. Wata guda ke nan katanga tana tsaye da faci-faci kamar tsohuwar riga, ta ma fi da muni. A nan ne maganganu suka fara zagayowa. Ina wucewa sai in ji an ce, "An dai ci kuɗin fenti." Wata rana har wani ya tare ni ya ce, "Malam, ko zanen ke nan mu ne ba mu gane ba?" Ban da abin cewa. Na dai san idan na biye musu na fara da wuri, damina ɗaya za ta tona mini asiri.

Da kwanakin suka cika muka kankare sauran tsohon fenti da burushin ƙarfe, muka wanke bangon, ya bushe, muka yi masa shafen farko da farin fenti mai jure kaifin siminti, hannu biyu. Ranar da katangar ta tashi fara fat daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sai na ji gabana ya faɗi. Murabba'in mita 72 na fari ba abin wasa ba ne ga wanda ya saba da allon shago.

Yadda ake ɗaukar ƙaramin zane a mayar da shi babba, hanya mafi sauƙi ita ce majigi: a haska hoton a bango da dare a bi layin. Mun aro mun gwada, bai yi ba. Fitilar titi ta kashe hasken, kuma ba mu da filin ja da baya sosai, sai da muka karkata na'urar, bishiyar ta fito da ƙaton kai da siririn gindi. Muka koma tsohuwar hanya. Takardata tsawonta santimita 90 ne, faɗinta 20, wato kowane santimita ɗaya a takarda santimita 20 ne a bango. Na raba ta gida-gida, kowane gida santimita biyu da rabi. A bango kuma muka shafa wa igiya garin alli, mutum biyu su ja ta ta yi tsam, na uku ya ɗaga tsakiyarta ya saki, ta bar layi miƙaƙƙe. Kowane rabin mita layi ɗaya. Gida 36 a kwance, 8 a tsaye, 288 ke nan. Daga nan ba ka ƙara tunanin bishiya ko mutum. Abin da ke gabanka kawai shi ne, a gida na 14 layi na 3, wannan lanƙwasa daga ina ta shigo, ta ina ta fita. Aiki ne mai gundura, kwana biyar muka yi a kansa, kuma sau biyu na tsallake gida ɗaya a ƙidaya sai da aka goge aka sake.

Tun farko na ƙudurta ba ni kaɗai zan shafa fentin ba. A Los Anjeles akwai wani bango a jikin magudanar ruwa, tsawonsa ya haura mita 800, wanda wata mai zane Judy Baca ta fara a 1976 tana ba da tarihin yankin Kalifoniya a kansa, kuma matasa fiye da 400 ne suka yi aikin tare da ita cikin shekaru. Na ce in ita ta iya da ɗaruruwa, ni ma zan iya da ashirin. Kowane launi na ba shi lamba, na rubuta lambar a jikin gwangwani da kuma cikin kowane fili a bango. Yaro ya ɗauki gwangwani mai lamba 6 ya cika duk inda ya ga 6. Ƙananan yara suka ɗauki ƙasa, manya suka hau dandamalin ƙarfen da magina suka ara mana, ni kuma na riƙe layuka da inuwa da duk inda ke son hannu mai natsuwa. Gaskiya wasu wuraren da na bar wa yara sai da na bi da dare na daidaita. Amma akwai wani ganye da wata yarinya 'yar shekara bakwai ta yi shi shuɗi maimakon kore, na ɗaga burushi zan gyara, na ga tana kallona, na bar shi. Yana nan har yanzu.

Fentin akirilik muka yi amfani da shi, mai haɗin ruwa, irin wanda aka yi domin waje. Yana da halaye biyu da suka koya mini hankali. Na farko, idan ya bushe yana ƙara duhu, domin ruwan gam ɗin da ke riƙe launin fari-fari ne yana jiƙe, sai ya bushe yake washewa. Saboda haka launin da ka gani a bokiti ba shi za ka gani a bango ba. Na haɗa koren ganye bokiti ɗaya ina ganin zai isa, ya ƙare saura kwata. Na yi haɗi huɗu ban dace da na farkon ba. Dole na mayar da wannan ɓangare kamar inda rana ta fi haskawa, masu kallo suna yaba dabarar, ni kuwa na san ɓarna ce na rufe. Tun daga nan duk launin da na haɗa sai na rubuta awonsa, kofi nawa na wannan, kofi nawa na wancan, na shafa ɗan kaɗan a kwali na ajiye. Na biyu, ba ya son bango mai zafi. Da rana ta buɗe sai ya bushe a bakin burushi kafin ka ja shi, ya bar sawu. Muka koma fara aiki da sassafe mu tashi kafin hantsi ya yi nisa, mu dawo in inuwa ta rufe bangon.

Rana kuma ba duk launi take ragawa ba. Launukan da aka samo daga tsatsar ƙarfe, irin su ruwan ƙasa da jan ƙasa da ɗorawa mai duhu, suna shekaru ba su gaji ba. Wasu jajaye da ɗorawa masu ɗaukar ido kuwa su ne ke fara koɗewa. Na san wannan sarai. Amma na ga wani ja mai ƙyalli a kanti, na ƙyasa, na ce mayafin matar da ke bakin famfo sai shi.

Wani abin da allon shago bai koya mini ba shi ne tafiya. Kana kan dandamali hancinka na kusan taɓa bango, abin da kake gani dabbare-dabbare ne kawai. Dole ka sauko, ka tsallaka titi, ka juyo ka duba, ka koma ka hau. A yini ina yin haka ya fi sau talatin. Daga tsallaken titi ne na gane ƙananan ƙawace-ƙawacen da na ɓata awa biyu a kansu ba a ma ganin su, layin da na ɗauka ya yi kauri da yawa kuwa shi ne daidai.

Ana saura kwana biyu mu gama, dattijon nan mai gyaran keke, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya taso daga rumfarsa yana goge hannu da tsumma. Ya tsaya gaban keken da na zana a jingine da kututturen bishiya, wanda saboda shi na sa shi. Ya daɗe yana kallo. Na sauko ina jiran yabo.

Ya ce, "Yaro, ka taɓa hawa keke?"

Na ce, "Haba Baba, sosai ma."

Ya ce, "To wannan naka ba zai je ko'ina ba. Keken nan gabansa yana kallon hagu, ko ba haka ba? Wato ɓangarensa na hagu muke gani. Me ya kawo sarƙa da faranti ta nan? Sarƙar keke a dama take. Shekara arba'in ina wannan aiki a wurin nan, in ka bar shi haka cewa za a yi ni na koya maka."

Na duba kekunan da ke jere a rumfarsa ɗaya bayan ɗaya. Duk a dama. Abin da ya faru, hoton da na kwaikwaya keken yana kallon dama ne, ni kuma na juya shi don ya fuskanci bishiya, sarƙar ta biyo shi. Mutum ashirin sun yi sati uku suna aiki a gaban keken nan ba wanda ya lura. Na ce zan gyara da yamma. Ya ce a'a, yanzu. Ya sa aka turo keke na gaske aka jingina a bango daidai yadda na zanen yake, ya ja kujera ya zauna, yana nuna mini da sifana: farantin ya koma bayan ƙarfe, sarƙar a hango ta ta tsakanin waya, feda ɗaya sama ɗaya ƙasa. Awa uku muka yi. Da na gama ya tashi ya duba, ya ce, "Yanzu ya hau," ya koma rumfarsa.

Muka bar fentin ya yi kwanaki yana bushewa, sannan muka bi shi da banish mai tare hasken rana, hannu biyu, marar ƙyalli don kada ya riƙa ɗaukar ido da tsakar rana. A kusurwar dama daga ƙasa aka rubuta shekara da "mutanen unguwa", na sa sunana ƙarami a ƙarƙashi. Ragowar fenti da kwalayen awon launi da takardar zanen duk muka zuba a akwati muka kai rumfar Baba, don shi ne kullum yake wurin.

Yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan. Ba a ƙara liƙa talla ba, sai sau ɗaya, kuma kafin in ji labari yara sun ɓare ta. Masu sayar da kaya sun dawo da teburansu ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo, ko da yake ba ya ba da inuwa. Inna ta ce rassan huɗu ne ba uku ba, kuma ba ta fasa faɗa mini duk ranar da muka haɗu.

Mayafin nan ja ya koma ruwan hoda, kamar yadda na sani zai yi. A kusurwar hagu kuma farin gishirin ya fara leƙowa, ɗan kaɗan, faɗin tafin hannu, da alama indararon ya sake tsagewa. Ranar Asabar zan je da tsani in duba shi, in kankare wurin, in sake mayafin da jan ƙasa. Na aika a karɓo mini gwangwani mai lamba 4 daga akwatin, Baba ya dawo da yaron hannu wofi, ya ce in zo da kaina.